Na'urorin Sa Ido Kan Ruwan Sha Daga Nesa: Tambayoyin Da Aka Fi Yi Mana A Sakkwato

Tun da muka fara ɗaura 'yan akwatunan awo a jikin tankuna, bakin rijiyoyin burtsatse da kududdufan kifi a kewayen Sakkwato, tambayoyin da ake mana ba su cika canzawa ba. Ɗan kwamitin ruwa na unguwa zai yi, mai gidan ruwan leda ya maimaita, ɗalibi mai aikin kammala digiri ya sake kawo ta da Turanci. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Na fara da na farko-farko. Wanda ya riga ya san kan abin yana iya gangarawa ƙasa.

Wai mene ne wannan tsarin, kuma me ya sa ake ce masa "mara waya"?

Akwai ɗan tsinken awo da ake tsomawa cikin ruwa, masu aikin na ce masa sensa. Ana jona shi da ƙaramin allon kwamfuta wanda bai kai tafin hannu ba, a haɗa da batir, da ɗan farantin sola, da rediyo mai aika saƙo, a rufe su cikin akwatin roba da ruwa ba ya ratsawa. Wannan akwati shi muke kira tasha. Aikinta bai wuce ta farka, ta auna, ta aika lambobin, ta koma barci har lokaci ya sake zagayowa ba. In aka warwatsa irinta goma ko ashirin, ɗaya a gulbi, ɗaya a matatar ruwa, wasu a tankunan unguwanni, duk suna kai rahoto ga uwar tasha da ke maƙale a wuri mai bisa, ita kuma tana turawa intanet, to tsarin ya haɗu. Mai kula da ruwa yana zaune a Gawon Nama ko Mabera, sai ya ga halin da tankin Kware ke ciki a fuskar wayarsa.

Maganar "mara waya" tana ruɗa mutane, don a Hausa igiyar lantarki waya ce, salula ma waya ce. Abin nufi, ba a jan igiya tsakanin tasha da tasha, iska ce ke ɗaukar saƙon. Amma tsakanin tsinken da akwatin dole akwai igiya, saboda saƙon rediyo irin wannan ba ya tafiya cikin ruwa. Da ya nutse ya mutu.

To me take iya aunawa?

Abu shida aka fi aunawa. Na farko zafin ruwa, shi ne mafi arha kuma mafi gaskiya. Sai ma'aunin tsami da kanwa, wanda ake rubutawa pH: 7 tsaka-tsaki ne, ruwan lemun tsami yana wajen 2, jiƙon kanwa yana haye 9. Sai dagulewa, wato yawan laka da ƙananan tarkacen da ke yawo cikin ruwa, ana lissafa ta da NTU. Sai yawan gishirin da ya narke, wanda ake ganewa ta yadda ruwan ke ɗaukar lantarki. Sai iskar oksijin, abin damuwar masu kifi. Sai ragowar kulorin, sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan famfo.

Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, dagulewa kada ta wuce NTU 5, narkakken gishiri kada ya wuce miligiram 500 a lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so dagulewa ta sauka ƙasa da 1 kafin a zuba kulorin, kuma a sami ragowar kulorin aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfon ƙarshe. Ido ba ya fara ganin ruwa ya yi duhu sai an kai wajen NTU 4. Ke nan ruwa na iya yin garau a kofi alhali ya fi ƙarfin kulorin ɗin da aka zuba masa.

Tana gane kwalara ko taifot?

Ba ta ganewa. Wani dattijo a wani ƙauye bayan Kware ya tsaya yana kallonmu muna ɗaure akwati, da muka gama ya ce, "Malam, wanga akwati shina gane kwalara?" Na ce, "A'a Baba, ba shi ganewa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To mi ne amfaninai?" Tambayar ta dace, kuma duk mai tallar na'urar da ya ce maka tsinkensa na ganin ƙwayar cuta, ka riƙe kuɗinka. Ƙwayoyin cuta sai an ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, an kai ɗakin gwaje-gwaje, an rene su awa 18 zuwa 24 kafin a ƙirga. Abin da ake nema galibi ƙwayar E. coli ce, wadda ke nuna kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwa, kuma ƙa'ida ta ce kada a sami ko ɗaya a mililita 100.

Abin da na amsa wa dattijon shi ne, tasha ba ta ganin ɓarawo, amma tana jin an taɓa ƙyaure. Ƙwayar cuta ba ta shiga ruwa ita kaɗai, tana biyo ruwan kwata, ko ambaliyar da ta cika masai ta malalo cikin rijiya. Duk ranar da haka ta faru, dagulewa za ta yi tsalle, gishiri ya motsa, kulorin ya faɗi ƙasa warwas. Waɗannan kuwa tasha na ganinsu cikin minti sha biyar. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa. A lokacin annoba irin wannan ana so ragowar kulorin ta kai miligiram 0.5 a lita a ko'ina cikin layin famfo.

Saboda haka lamba mai kyau a allo ba takardar shaida ba ce cewa ruwa ya tsarkaka. Rijiya na iya nuna pH 7, ruwanta fes, tana kuma nesa da masai da taku goma kacal, alhali abin da ake shawarta shi ne mita 30. Duba amsar da ke ƙasa kan kai samfur ɗakin gwaji.

Gubar dalma fa, irin wadda ta yi ɓarna a Zamfara?

Ita ma ba ta gani. Abin da ya faru a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, inda yara aƙalla 400 suka rasu, ya samo asali ne daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙura ta shiga ƙasa da abinci, ta kuma gurɓata kududdufai. Iyakar da aka yarda da ita ta dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, abin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai a ce tsinken gishiri ya ji shi. Sai manyan injunan ɗakin gwaji. Haka ma fuloraid mai ɓata haƙora, da naitiret da ke zuwa daga taki da masai, mai cutar da jarirai. Kuma tafasa ruwa ba ta cire ko ɗaya daga cikin ukun. Wanda rijiyarsa ke kusa da wurin haƙar ma'adinai, ko marina, ko majema, ya fara da ɗakin gwaji kafin ya yi tunanin tasha.

Tunda haka ne, me ya sa ba za mu tsaya ga kai samfur ɗakin gwaji ba kawai?

Domin mai ɗibar samfur yana zuwa ne da hantsi, ranar aiki, sau ɗaya a wata in an yi sa'a. Ruwa kuwa ba ya jiran ranar aiki kafin ya lalace. Ka lura da famfon unguwa da ya yi kwana uku a bushe. Bututun da babu ruwa cikinsa yana zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage, kuma da yawa daga bututunmu ta cikin kwata suka ratsa. In ruwa ya dawo da asuba, abin da ke fara fitowa ja ne ko baƙi-baƙi, kuma a daidai lokacin ne 'yan garuwa ke layi da kurarsu da jarkoki. Kafin ƙarfe goma ruwan ya washe. Mai samfur ya zo ya ɗiba, sakamako ya fito lafiya lau, jarkokin asuba kuwa tuni an juye su a randuna.

Tasha ce ke kama wannan ɗan lokacin na asuba. Ita ke nuna maka wace rana, wane lokaci, wane layi, don ka san inda za ka aika mai kwalba. Mu dai shawararmu a haɗa biyun, gwajin ɗaki aƙalla sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, da kuma duk lokacin da tasha ta yi ƙara.

Me ya kamata mu sa ran gani a ruwan Sakkwato musamman?

Ruwan famfon birni ya dogara sosai ga gulbin Rima, shi kuma Rima da rani ya dogara ga abin da aka sako daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. A bazarar 2018 ruwan madatsar ya ja baya har aka ba da rahoton wajen kashi 10 cikin 100 ya rage. In ruwa ya ragu haka, zafi ya ƙaru, gishiri yana taruwa, gansakuka ta yi yawa. Ruwan sama na farko a watan Yuni kuma yana wanko komai, lakar gona, kashin dabbobi, ragowar takin da aka zuba wa albasa da shinkafa a fadama. Gulbi ya koma kalar kunu cikin dare ɗaya. Tashar da aka kafa 'yan kilomitoci sama da inda matata ke jan ruwa tana ba ma'aikata sa'o'i su ƙara alif kafin lakar ta iso, maimakon su gane bayan ta cika tankuna. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san yadda Rima ke sauya fuska.

Rijiyoyin burtsatse nasu labarin daban. Ƙasar nan akwai farin dutse, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa shi yana fitowa da nauyi, sabulu ba ya kumfa, butar shayi na yin farin ɓawo. Wasu rijiyoyin kuma ƙarfe ne, ruwa ya fito fari, ya kwana a bokiti ya yi ja. Saboda haka kada ka tsorata don rijiyarka ta fi ta maƙwabtan ƙauye gishiri. Bar tasha ta yi wata biyu tana aunawa ka san ɗabi'ar rijiyar tukuna. Abin dubawa shi ne ranar da ta kauce wa ɗabi'arta, don ruwa ba ya tsami banza.

Ta wace hanya saƙon ke tafiya? Na ji ana LoRa, ana ZigBee, ana sim.

Mafi sauƙi shi ne a sa wa kowace tasha layin waya nata, ta riƙa aikawa ta MTN ko Airtel kamar kowace salula. Ba ka buƙatar uwar tasha. Matsalarsa cin wuta, don ɗan guntun da aka fi amfani da shi, SIM800L, yana iya fizgar amfiya 2 lokacin da yake neman sabis. Ga kuma ɗawainiyar layuka, kowanne da rajistarsa, kowanne da ranar ƙarewar datarsa. In tasha ɗaya ce ko biyu, masu nisa da juna, wannan za ka bi.

LoRa wata fasahar rediyo ce da wani ƙaramin kamfani a Faransa ya ƙirƙiro, kamfanin Semtech na Amurka ya saye a 2012. Tana aika ɗan saƙo kaɗan zuwa nesa da wuta kaɗan. A cikin gari tana yin kilomita 2 zuwa 5, a fili kuwa tana wuce 10 in eriya na hangen eriya. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin fadamar Rima ta dace da ita ƙwarai. Ka ɗora uwar tasha kan tankin sama ko dogon bene, layi ɗaya ya ishi tasha ashirin. Abin da ke kashe ta shi ne ƙasa-ƙasa. Eriyar da aka ɗaure a gindin dogon yaro ko bayan katangar siminti, rabin tafiyarta ya tafi. Ƙarin mita uku a sama ya fi sayen eriya mai tsada.

ZigBee ba ta cika wuce mita 100 ba, sai dai tasha ta miƙa wa tasha har saƙo ya isa. Tana da kyau cikin harabar matata ko gidan kifi mai kududdufai jere. Littattafan jami'a sun cika yabonta, shi ya sa ɗalibai ke zuwa da ita a baki, amma ban ga hikimar jera tasha talatin a daji don kawai a kai saƙo ƙauye na gaba ba. Ɗaya ta mutu a tsakiya, na bayanta sun yi shiru. Wanda zai shigo da kayan rediyo masu yawa kuma ya tabbatar suna cikin waɗanda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da su.

Idan sabis ya ɗauke fa?

A sa wa kowace tasha ɗan katin ajiya da agogo mai batirinsa, ta rubuta kafin ta aika. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Tasha mai dogaro da sim kaɗai a irin wannan hali ta zama kurma. Mai LoRa kuwa tana ci gaba da kai saƙo ga uwar tasha, kuma ana iya jona wa uwar ɗan allo ko jar fitila da ke kamawa nan take ko babu intanet.

Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu ba za su kashe ta ba?

Za su gwada. A watan Afrilu inuwa ma tana haye digiri 40, akwatin da rana ke duka kuwa cikinsa ya fi haka nesa ba kusa ba. Batirin litiyam na yau da kullum, irin 18650, ba a so a yi masa caji sama da digiri 45. Wanda ake kira LiFePO4 ya fi haƙuri da zafi, shi muke zaɓa. Akwatin ya zama fari, a sa shi ƙarƙashin farantin sola ya sha inuwarsa, a bar tazarar iska tsakaninsu. Faranti mai wat 5 zuwa 10 ya ishi tashar LoRa, saboda ƙaramin allon kwamfuta irin ESP32 in yana barci kusan ba ya shan komai.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce abokiyar gaba. Faranti ya yi mako biyu ba a shafa ba, sai ka ga batir na sauka kullum kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ƙarfin batir ma muke sa tasha ta aiko da shi tare da sauran lambobi. Akwai kuma abin da babu littafin da ya faɗa mini: zanzaro. Na taɓa buɗe akwatin da ya daina magana, na tarar ya shiga ta ramin igiya ya gina ɗakinsa na laka daram a kan allon, har da tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Tun ranar kowane rami sai mun toshe shi da gam.

Sau nawa za ta riƙa aunawa, kuma data nawa take ci?

Kowane minti 15 ya isa ga tanki da gulbi, wato saƙo 96 a rana. Rijiyar burtsatse ko sau ɗaya a awa ya wadatar. Saƙon bai kai tsawon gaisuwar tes ba, saboda haka hoto ɗaya da ka tura a WhatsApp ya fi abin da tasha ke aikawa a yini nauyi. Abin da ke cin kuɗi yana cikin amsa ta gaba.

Me ake nufi da saiti, kuma dole ne?

Dole ne. Sikelin mai nama ma in ya daɗe yana karkacewa. Tsinken pH ɗan ƙwan gilashi ne mai laushi, yana kaucewa a hankali ba tare da ya nuna alama ba. Ana tsoma shi cikin ruwan gwaji da aka san lambarsa, mai 4, mai 7, mai 10, a daidaita shi. A ruwan gulbi duk mako biyu zuwa wata, a ruwan tanki ana iya ɗan jinkirtawa. Ba a barinsa ya bushe, kuma ko an lallaɓa shi, shekara ɗaya zuwa biyu ya gama aiki. Tsinken dagulewa da haske yake aiki, yana haska ruwa ya auna abin da laka ta warwatsa, don haka da gansakuka ta rufe masa ido sai ya fara ƙarya. A ruwanmu mai ɗumi hakan ba ya ɗaukar mako biyu. Tsohon buroshin haƙori ya isa. Tsinken gishiri kuma sai an haɗa shi da na zafi, saboda lambarsa na ƙaruwa da wajen kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. In ba a gyara lissafin ba, kullum da azahar sai ka ɗauka an zuba wa tanki gishiri.

Yawancin tsarin da na ga ya mutu, a nan ya mutu. An yi bikin ƙaddamarwa, an ɗauki hoto, ba a ware kuɗin ruwan gwaji da man babur na mai zagayawa ba. Bayan wata shida allo na ta nuna lambobi, ba wanda ya san ko na gaskiya ne. In kasafinka na tasha goma ne, kafa shida, ka ajiye sauran don ɗawainiyar shekara biyu.

In sayi sensar araha ko mai tsada?

Na araha, irin waɗanda ake jonawa da ƙaramin allon kwamfutar da ake kira Arduino, 'yan gomomin daloli ne. Na ƙwararru masu goge idonsu da kansu kuwa dubban daloli. A zafi da gishiri na araha ba su da laifi. A dagulewa ne suke ba da kunya, don suna bambanta ruwan kunu da ruwan garau, amma ba sa bambanta NTU 1 da 5, alhali a nan ne hukuncin ruwan sha yake. Hasken rana ma yana ruɗa su. Mun taɓa shan wahalar wata lamba da ke rawa kullum tsakar rana, ashe murfin tankin ne ya tsage rana na leƙawa. Muka sa tsinken cikin guntun baƙin bututu, magana ta ƙare. Na kulorin shi ne mafi tsada da shagwaɓa, yana son ruwa mai gudana a kansa ba yankewa, abin da famfonmu ba ya iya alkawari. Inda babu hali, ƙwayar gwajin kulorin da ake jefawa a ɗan kwalba ruwa ya yi ruwan hoda ta fi tsinken da ba a iya riƙewa.

A ina ake tsoma tsinken, kuma yaya za a yi da masu taɓawa?

A tanki, kusa da inda ruwa ke fita, ba can ƙasa cikin laka ba, ba kuma sama inda zai rataya a iska in ruwa ya sauka ba. A gulbi, cikin bututu mai huji-huji da aka ɗaure a ƙafar gada, akwatin kuma sama da inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Wannan alamar tsofaffin masunta za ka tambaya.

Sata akwai, musamman ta faranti da batir, amma rashin bayani ya fi ta ɓarna. A wata makaranta tasharmu ta yi mako uku tana aiko da lambobi masu kyau har ina alfahari da ita. Abu ɗaya ya dame ni, zafin ruwan na hawa da sauka da yawa, ba kamar na babban tanki ba. Da na je sai na tarar da tsinken cikin wani bokiti a gindin tanki. Mai gadi ya ce, "Yallaɓai, na ga abin lantarki cikin ruwan da yara ka sha, hankalina bai kwanta ba. Amma kullum ina canza mai ruwa." Laifina ne, shugaban makaranta na yi wa bayani, ban yi wa mai kwana a wurin ba. Yanzu kafin mu ɗaure komai sai mun zauna da mai unguwa, da liman, da mai gadi, mu tsoma tsinken a kofi, in sha ruwan a gabansu.

Ni kifi nake kiwo. Wanne ya fi mini amfani?

Na oksijin da na zafi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. A digiri 20 yana ɗaukar wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne iyakarsa. Da rana gansakuka na ƙara iska, da dare ita da kifin duk suna sha, don haka lamba ta fi faɗuwa gab da asuba, lokacin da kake barci. Tarwaɗa na iya tasowa ta shaƙi iskar sama, karfasa ba ta da wannan gatan. Sa gargaɗi ya shigo wayarka in lamba ta sauka ƙasa da 4, ka tashi ka kunna injin ko ka sauya ruwa. Maganar gogewa da ke amsar saiti ta fi shafarka, don ruwan kududdufi ya fi kowanne saurin rufe tsinke.

Ina da gidan ruwan leda. Wannan zai wadatar da NAFDAC?

Ba zai wadatar ba. Rajista da gwajin ɗaki suna nan yadda suke. Amfanin tasha gare ka shi ne ta nuna maka ranar da matatarka ta fara gajiya, don gishirin ruwan da ke fita zai fara hawa tun kafin masu saye su ce ɗanɗano ya canza.

Gargaɗi ya shigo waya. Sai me?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a amsa tun kafin a sayi ko da igiya. A Kenya, masu bincike daga Jami'ar Oxford sun sa 'yan na'urori a hannun famfunan tuƙa-tuƙa, masu aika tes in famfo ya daina motsi. Lokacin gyara ya sauko daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana uku, saboda an haɗa na'urar da makanikai masu babur da kayan gyara, waɗanda aikinsu ke nan. Inda saƙo ke shiga wayar babban jami'in da ke taro a Abuja, ko zauren WhatsApp mai mutum sittin da kowa ke jiran wani, ruwan zai kai randa kafin a motsa.

Ga yadda muke tsarawa da kwamitocin unguwa. Saƙo na zuwa wa mutum biyu da aka ambata da suna, da Hausa, gajere: "Tankin kasuwa ya dagule, a duba." Ba ya fita sai awo uku a jere sun nuna abu ɗaya, don kumfar iska kaɗai na iya sa lamba ta yi tsalle, kuma mutanen da aka tasa a banza sau uku ba za su tashi a na huɗu ba. Wanda ya fara isa ya ɗebi ruwa a farin kofi ya duba, ya leƙa ko tsinken na wurinsa, ya gwada kulorin da ƙwaya. In abin gaskiya ne, ya rufe famfo, ya sanar da 'yan garuwa, a yi shela a masallaci cewa a tafasa ruwan sha, a cika kwalba ɗaya a sa cikin kula mai ƙanƙara a kai ɗakin gwaji a ranar. Makullin famfon kuma ya kasance a hannun wanda ke kwana a unguwar.